Waƙar da Na Sadaukar wa Sa'adatu

Ba zan taɓa mantawa da yammacin walimar auren abokina Nasiru a unguwar Dawaki cikin Rano ba, kuma ko na so in manta, mutanen Rano ba za su bar ni ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba, biki ya koma walima da wa'azi, makaɗa da yawa sun rataye kalangu. Ni kuwa saurayi ne, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Kibiya, wandona kullum da kari, kaina cike da iska. Wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, Tunde, shi ya koya mini jin abin da yake kira indi rok, wato waƙoƙin wasu samarin Turawa da ba babban kamfani a bayansu, daga jita sai ganga sai murya irin ta mai mura. Yayansa ke aiko masa da kaset-kaset daga Ingila, ni kuma in kwafa. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne daga Rano har Kibiya ba wanda ya san su sai ni. (Yanzu da na manyanta na gane rabin son da nake musu son a ce na waye ne.)

Ƙarshen kowace shekara sai in zauna in zaɓi waƙoƙi goma da suka fi burge ni, in jera su a kaset guda daga ta goma zuwa ta ɗaya. Ban tsaya nan ba. Tsakanin waƙa da waƙa sai in naɗi muryata ina sharhi kamar mai gabatar da shiri a rediyo, ina gaida masu sauraro, alhali masu sauraron nan ni ne da ƙadangarun ɗakina. Don kada shugaban makaranta ko wani baƙo ya gani ya yi mini wani kallo, a kan tsofaffin kaset na wa'azi nake naɗa, in bar takardar jikinsu yadda take, har in bar minti uku na farko na muryar malam. Allah ya yafe mini.

A waccan shekarar ina neman auren Sa'adatu, 'yar Alhaji Ilu na Fammar. Alhaji dattijo ne mai ƙarancin magana, tsohon malamin gona, kuma har lokacin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Sai na yanke shawarar kaset ɗin bana nata ne. Da yake ƙawar amarya ce, na sako shi a aljihu da niyyar in miƙa mata bayan an tashi.

Bayan la'asar an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun cika kujerun gaba, Alhaji Ilu na tsakiyarsu. An tada janareto, an ɗaura lasifika biyu, ɗaya na kallon maza, ɗaya an juya ta cikin gida don mata su ji. Malamin da zai yi wa'azi bai iso ba, an ce tayar babur ɗinsa ta yi faci a hanya. Nasiru ya roƙe ni in sa wa mutane wani abu kafin ya zo, tunda ni na kawo rikoda. Dama na zo da kaset na gaskiya kan zaman aure. Na lalubo daga aljihu, na duba takarda, na danna, na kara makirfo. Muryar malam ta fito tar. Na ji daɗin kaina, na ɗauki buta na zagaya bayan gida.

Ina tsugune na ji malam ya katse a tsakiyar magana. Sai wata murya, mai yanga, tana jan kalmomi ta hanci:

"Jama'a barkanmu da warhaka, naku ne na kullum, yau ma ga mu da zafafa goma na bana."

Wallahi da farko tausayin mai muryar na ji. Na ɗauki 'yan daƙiƙu kafin na gane ni ne.

Ba wanda ya taɓa rikodar, don kowa ya zaci wani sabon salon wa'azi ne. Ni kuma ina wurin da mutum ba ya fita da gudu. Kafin in kimtsa in ɗaure mazagi, muryar ta riga ta kai inda nake tsoro, don a buɗewar shirin na sa shi:

"Kafin mu fara ƙirga, ga ɗanɗanon gwarzuwar shekara, lamba ɗaya. Na sadaukar da ita ga Sa'adatu ta Fammar. Sa'adatu, duk abin da mawaƙin nan ya faɗa, ni na faɗa miki."

Jita ta ɓarke kamar ana yaga kwanon rufi. Daga cikin gida na jiyo guɗa, sannan dariyar mata. Na fito a guje, takalmi ƙafa ɗaya, na tsallake tabarmi biyu, na taka gefen babbar rigar kawun ango, na fizge waya. Wayar janareto ce na kama, ba ta rikoda ba, ita kuwa rikodar da batir take aiki, don haka Baturen ya ci gaba da kukansa a gaban dattawa ba lasifika. Alhaji Ilu ne ya tashi a hankali, ya danna maɓalli, ya zare kaset ɗin, ya sa a aljihu, ya koma ya zauna. Ko kallona bai yi ba.

Kwana biyu ban iya cin abinci ba. A makaranta ɗalibai na shiga aji sai su ce mini barka da warhaka. Na gama sallamawa cewa na rasa Sa'adatu. A rana ta uku Alhaji ya aiko in zo.

Na same shi a zaure da rediyonsa mai kaset a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ba wannan ya kira ni ba. Tunda na ce duk abin da mawaƙin ya faɗa ni na faɗa wa 'yarsa, yana so malamin Turanci ya fassara masa abin da aka faɗa.

A nan ne gumi na gaske ya karyo mini. Shekara guda ina jin waƙar nan, ina rera ta a kan keke, amma ban da kalmomi biyar ko shida ban taɓa kama abin da ake cewa ba. Na dai ji ana ambaton wata, ana cewa ana kewarta. Sai na daure na ce yabon wata yarinya yake yi, mai ladabi da kamun kai, wadda yake fatan iyayenta su amince.

Alhaji ya gyaɗa kai, ya kunna. Yana ji yana tsayarwa yana mayarwa baya. Ashe shekarunsa da yawa yana aikin noman rani tare da Turawa, kunnensa ya saba da maganarsu ta hanci fiye da nawa nesa ba kusa ba.

"Malam," ya ce, "mutumin nan karyarsa ce mota ta take. Ita yake wa kuka. Nan wurin da ya ɗaga murya, cewa yake har yanzu yana ganin gashinta a kan kujera."

Na dubi ƙasa ko za ta tsage. Ba ta tsage ba.

Ya bar ni na sha kunyata har ta ishe ni, sannan ya ce ya ji kaset ɗin duka, sau biyu. Ya ce bai ga dalilin da zai sa mutum ya ɓata wa'azi don wannan ba, kuma kada in sake. Na ce in sha Allahu. Sai ya ƙara da cewa ban ma iya jerawa ba: ta huɗu ta fi ta ɗaya, don mai gangar ya san aikinsa, kuma aƙalla ita kan mutum aka yi ta.

"Wanda ya kira sunan 'yata a lasifika gaban rabin Rano," ya ce, "ai ba shi da sauran wurin gudu. Ka turo manyanka."

Sa'adatu ta yi sati biyu ba ta fito mini zance ba. Ranar da ta fito, tambayarta ta farko ita ce wane launi ne gashin marigayiyar. Yau 'ya'yanmu huɗu, kuma duk sun san labarin, da ƙari.

Har yanzu ina jin waƙoƙina, har yanzu ina jera goma a ƙarshen shekara, a waya yanzu. Sai dai na koyi abu ɗaya: kafin ka ce wa mace bakin wani bakinka ne, ka tabbata ka san abin da yake faɗa, musamman in ubanta ya fi ka jin Turanci.