Mai Magani a Bakin Daga

Muna jiran a sako wa gonakinmu ruwa a Bakolori, sai Sani da Bala suka sa ni cikin wasan yaƙinsu na waya. Sani mai garkuwa ne, Bala maharbi. Ni aka ba ni mai magani, in tsaya baya ina warkar da su.

Na yi dogon nazari. Jikan mafarauci guda ya laɓe bayan mutane? Ana fara gwabzawa na kutsa gaba, ba takobi, sai jakar magani. Ni aka fara kashewa. Sani ya yi ta ihu, "Malam, magani!" har aka gama da su.

Tun ranar suka laƙaba mini Likita. Har yau in lauje ya yanki wani, sai Bala ya ce, "Kar ku kira Likita, shina bakin daga."