Honorabul Mai Hula Biyu da Keken Kubra

Duk wanda ya ce ƙasar nan ta rasa mazajen aiki bai taɓa ganin Honorabul Sodangi yana fitowa daga mota ba. Tumbi ne ke fara sauka, sai babbar riga, sai ƙamshin turare, shi kansa yana biyowa daga baya. Kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara dillalin gero ne a kasuwar Kaura, yana tauna ƙwayar hatsi yana rantsuwa da abin da bai gani ba. Da aka samu jiha aka shiga neman masu kai, sai aka duba aka ga babu wanda ya kai shi girman hula. Haka ƙaramar hukumarmu, wadda ba zan faɗi sunanta ba don ina da dangi a ciki, ta yi dace da shi kansila. Don kada irin wannan baiwa ta tafi a banza, aka haɗa masa sassa biyu, ilimi da jin daɗin jama'a.

Mutum ne mai tsari, Allah ya sani. Ranar Litinin yakan sa jar dara ya zauna a teburin gabas, shi ne kansilan ilimi. Ranar Alhamis ya sa kube ya koma teburin yamma, a ɗaki ɗaya dai, ya zama kansilan jin daɗin jama'a. Tsabar riƙon amanarsa, bai taɓa barin hula ɗaya ta ji abin da aka gaya wa ɗayar ba. Mutanen gari suka sa masa Mai Hula Biyu, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce, har yana amsawa da ɗaga hannu.

Da aka ƙaddamar da Shari'a talakawa sun yi murna har da hawaye, suna fatan lokaci ya zo da mai haƙƙi zai ga haƙƙinsa. Honorabul ma bai yi sanya ba. Nan da nan ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya sayi carbi mai tsawon igiyar guga. Babin haƙƙin maraya da mai rauni ne kawai bai kai ga karantawa ba, saboda yawan aiki.

A farkon daminar shekarar iska ta yaye rufin firamaren Tungar Maiƙwarya. Iyaye suka yi ta kai kuka har Honorabul ya zo da kansa, ya tsaya a tsakiyar aji yana kallon sama.

"Jama'a," in ji shi, "ku kuna ganin ɓarna, mu masana muna ganin dama. A ƙasashen da suka ci gaba, haɗe makarantu aka yi. Daga yau ɗiyanku sun samu ƙarin girma, za su riƙa tahiya makarantar garin gaba. Tahiyar ma motsa jiki ce, kuma kyauta muka ba ku."

Aka tafa, domin ya zo da masu tafinsa a bayan mota.

Yara masu ƙafa suka bi hanya. Saura Kubra, ɗiyar Ummuhani mai daddawa. Mahaifinta ya rasu, shan inna kuma ya shanye mata ƙafafu tun tana rarrafe. Tana aji shida, kuma malamanta sun ce in dai ta zauna jarrabawar shiga sakandaren 'yan mata to ta ci ta gama. Uwar ba ta da wani buri a duniya da ya wuce wannan. Can baya goya ta take yi zuwa makarantar ƙauye, amma garin gaba ba tafiyar goyo ba ce, yarinya kuma ta yi nauyi. Sai maƙwabcinsu Lado, ɗan kabu-kabu, ya ce shi zai riƙa kai ta da safe ya ɗauko ta da azahar, don Allah.

Ana haka wata safiya motar Honorabul ta ci karo da su a hanyar Zurmi. Ai kuwa ya sa aka taka birki. Ya fito, carbi na lilo.

"Subhanallahi! Namiji da ɗiya mace bisa mashin guda, a ƙasata, ina raye? Kai yaro, in na sake ganin haka, mashin ɗinga ya zama na hukuma."

Lado ya ce, "Ranka shi daɗe, gurguwa ce, kuma a gabana aka haife ta."

"Doka ba ta san gurguwa ba."

Limamin ƙauyen, tsoho mai karatu, ya aika masa cewa addini ya san lalura, kuma taimakon mai rauni lada ne. Honorabul ya ce a gaishe da liman, a kuma tuna masa cewa shi ba ma'aikacin gwamnati ba ne. Lado yana da iyali, mashin ɗin kuma shi ne abincinsu. Ya je ya ba Ummuhani haƙuri kansa a sunkuye.

Sai aka ba ta shawara ta nemi keken guragu, irin wanda ake tuƙawa da hannu. Ranar Litinin ta rufe tukunyar daddawa ta tafi sakatariya. Jar dara ta saurare ta da kyau, har da girgiza kai.

"Baiwar Allah, kin yi ɓatan kai. Keke ba ilimi ba ne. Ki dawo Alhamis ki ga kansilan jin daɗin jama'a. Mutumin kirki ne, na san shi."

Ranar Alhamis ta dawo, ta tarar da fuskar nan dai a ƙarƙashin kube.

"Don zuwa makaranta kika son keken? To ai wanga lamarin ilimi ne. Kuma bari in gaya miki gaskiya, sashen ilimin nan sun cika sakaci. Da sun gyara rufi, da duk ba a kai ga haka ba. Zan yi musu magana mai zahi."

Ummuhani ta dube shi, ta dubi teburin gabas da ba kowa a kai, ta ce, "Ranka shi daɗe, ba kai ne na gani ran Litinin ba?"

"Ofis kika gani, ba mutum ba."

Ta yi ta zarya tsakanin hula da hula har gero ya fitar da kai. Ni da na ga matar nan tana dawowa da yamma, zanenta duk taɓo, wallahi raina ya ɓaci, har yau kuma bai huce ba. Hedimasta ya aiko cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, amma yarinyar da ba ta zuwa aji ba zai iya sa sunanta cikin masu jarrabawa ba.

Labari ya kai kunnen wani attajiri mai sayar da shanu a kasuwar Shinkafi. Bai yi surutu ba, ya sayi keke sabo fil ya aiko. Kuskurensa ɗaya, ya aiko ta hannun hukuma don a yi abu bisa ƙa'ida. Honorabul ya sa aka kafa rumfa, aka ɗauko lasifika da mai hoto. Ya yi jawabi tun hantsi har rana ta take, ya bayyana yadda ya hana idonsa barci saboda masu rauni. Sannan aka ɗora Kubra. Ta kama maburgin tuƙa keken da hannu biyu, ta zagaya filin sakatariya tana dariya, uwar na biye da ita da gudu tana share hawaye da bakin mayafi. Da mai hoto ya gama, masinja ya zo ya sauke ta a hankali, ya ce za a shigar da keken ciki a sa masa lambar hukuma.

Lamba dai ba ta samu ba. Da mako ya zagayo, ranar Alhamis, Ummuhani ta goyo Kubra tun daga bakin titi har cikin ofis, ƙafafun yarinyar na reto a gefen cinyoyinta. Ga keke nan tsakanin tebura biyu, an goge shi yana ƙyalli, an ɗaura masa ƙyallen ado kore.

"Ranka shi daɗe, wurin keken ɗiyata na zaka. Jarrabawa ta matso, za a cire sunanta."

Honorabul ya ajiye carbi, ya yi murmushin mai haƙuri da jahilai.

"Baiwar Allah, ki yi tunani mana. Tun da aka buɗe sashen ga, wanga shi ne aikinmu na farko da ido ka gani. Baƙi na tahe daga Gusau. In na ba ki shi kika tahi da shi ƙauye cikin taɓo, mi zan nuna musu?"

Kubra ta ce daga bayan uwarta, da ƙaramar murya, "Baba, ni sai a nuna musu ni a kai."

Bai ji ba, ko kuma ba ranar jin yara ba ce. Amma da yake mutum ne mai tausayi, ya yi musu rangwame. Ya ce duk ranar Alhamis tana iya kawo ta ta zauna a kai kaɗan, muddin ba a taɓa ƙyallen ba. Ummuhani ta gyara goyonta, ta ƙara ɗaure zane, ta fita ba ta yi sallama ba.

Ranar da 'yan ajinsu suka tafi jarrabawa, Kubra na zaune a ƙofar ɗaki tana taya uwarta wanke kalwa. Baƙin Gusau kuwa sun zo sun gani, sun yaba ƙwarai. A ƙarshen shekara aka ba Honorabul Sodangi lambar yabo ta kula da kayan gwamnati, kuma ya cancanta, domin daga Kaura har iyakar Nijar, keken guragunsa ne kaɗai bai taɓa yin faci ba.