Yadda Za Ka Ɗora wa Mage Laifin Ƙumar da Ka Kwaso

Kai mai kama ɓerayen daji kana kai wa ɗakin bincike, idan ka dawo gida da ƙuma a wando, kada ka tashi hankalinka. Bi matakan nan, na ba ka tabbacin za ka fita fes, wani ya sha laifin. Abokina Mai Tarko ya gwada su, mutumin da ya yi shekaru yana taje gashin gafiya yana tara ƙumarta a kwalba.

1. Daina susa a gaban iyali

Ko da ƙafarka na ci kamar wuta, ka daure. Mai Tarko yakan shige banɗaki ya yi susarsa son ransa, ya fito yana murmushi. Wanda ya fara susa a gida shi ake zargi, saboda haka ka jira matarka ta riga ka.

2. Nemo wanda ba ya magana

Magen matarka ta dace. Tana da gashi, tana yawo, kuma ba ta iya rantsuwa. Ta gidan Mai Tarko tsohuwa ce, tun daga gidan iyayenta matarsa ta taho da ita, tana ji da ita kamar 'yar cikinta. Wannan kada ya dame ka, tausayi ba ya kashe ƙuma.

3. Yi amfani da iliminka

Kada ka yi zargi kai tsaye. Ka dubi magen, ka girgiza kai, ka yi ajiyar zuciya.

"Maman yara," in ji Mai Tarko, "ba na so in faɗa, amma aikina ke nan. Dabbar nan ce. Sai dai a kai ta gidan ƙanwarki."

Matar ta yi kuka sosai. Shi ma ya ji ba daɗi, amma ya saka magen a kwali ya kai ta da kansa.

4. Tuna abin da ka koya mata kuna saurayi da budurwa

Nan abokina ya yi sake. Lokacin da yake nemanta, wasu na kai turare, shi gilashin ƙara girma ya kai. Don burgewa ya nuna mata cewa ƙumar mage tana da gashin baki kamar mataji, ta ɓera kuwa fuskarta sumul.

Da ya dawo daga kai magen, ya sami matar a bakin taga, gilashin a hannu, ga ƙuma ɗaya a murƙushe a kan faranti.

"Maigida, zo ka duba mini. A bakin wandonka na kama ta. Ina gashin bakinta?"

"Wataƙila ƙarama ce, bai tsiro ba."

"Kai ka ce mini da shi suke fitowa."

5. Koma ka ɗauko magen

Ka tafi a ƙafa, ka ba ƙanwar matarka haƙuri, ka ba magen ma. Yanzu haka magen ce ke kwana a gefen gadon Mai Tarko, shi kuma yana ɗakin ajiya tare da tarkunansa, har sai an tabbatar ba komai a jikinsa. Matar ce mai dubawa, kuma ta ce ba ta gaggawa.

Gargaɗi: marubucin nan ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko cizo ne, ko gaba, ko ciwon baya daga kwanan tabarma. Kada kuma ka zo gidana neman wurin kwana. Muna da mage.