Kakansa Direban Firaminista Ne

Ba zan taɓa mantawa da la'asar ɗin da bakina ya raba ni da aiki a unguwar Rusaifa ba. Ina karatu a Makka, mata da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya a unguwar Utaibiyya, sai na samu gwaji a wani kamfanin rakiyar masu Umra. Mudirin, wato manajan kamfanin, Bahaushe haifaffen nan, ya ce, "Ya akhi, gobe akwai baƙi daga Lithuania. In ka yi kuwayyis, shugul naka ne." Wato in na yi da kyau, aikin nawa ne.

Ban ma san akwai Musulmi a can ba. Na buɗe waya na hau haddar firaministocinsu na tsakanin yaƙin duniya biyu: wannan ya hau, wancan ya sauka, sojoji suka yi juyin mulki. Da na kai na ƙarshensu sai na rufe waya (a ganina na gama da Lithuania, saura a naɗa min rawani).

Bayan ɗawafi muna shan shayi, na zazzage wa wani dattijo cikinsu sunayen nan da Turancina. Ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce kakansa ne direban firaminista na ƙarshe.

Nan ɗan Najeriyar da ke cikina ya farka. Na buga cinya na ce, "Ashe kun ci gwamnati! Gidaje nawa ya bar muku? Faɗi gaskiya, Baba, a Makka muke!" Har da dariya, ni kaɗai.

Dattijon ya ajiye kofi. Ya ce da sojojin Sobiyet suka shigo, an kwashe firaministan zuwa Rasha, kakansa kuma aka cusa shi a jirgin ƙasa na dabbobi zuwa Saiberiya. Har yau ba su san kabarinsa ba. Wannan Umrar ma dominsa ya zo yi. Yana magana hawaye na bin gemunsa.

Na rasa inda zan sa fuskata. Mudir, da ke zaune tare da mu, ya ce a hankali, "Khalas, Malam, je ka gida." Bai sake kirana ba.

Aikin ya yi min ciwo, amma hawayen nan sun fi damuna, har yanzu ina saka direban a addu'a. Tun ranar, ko mutum ya ce min kakansa sarki ne, sai na fara tambaya yadda aka ƙare kafin in taya shi murna.