Ranar da Labaran ya kai mahauci gidan abincin Indiyawa

Kun san Labaran, wanda ke aiki a kamfanin robobin nan na bayan gari? Mutumin kirki ne, wallahi, matsalarsa ɗaya: bakinsa yana riga hankalinsa fita. Shi ne ya auri Balaraba, 'yar Alhaji Mati, mahaucin da ya shekara arba'in yana fawa a kasuwar Gumel. Shi kuwa Alhaji Mati, a wurinsa tuwon da babu tsoka a kai ba abinci ba ne, horo ne.

To, rannan Alhaji ya shigo Kano ya biya ta gidansu. Ya kalli 'yarsa sama da ƙasa, ya ce yarinyar nan ta rame. Nan take ya yanke hukunci: daga wannan Asabar, duk mako zai riƙa sa cinya guda a motar haya ana kawo mata.

Labaran ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Magidanci guda, a ce surukinsa ne ke sa masa nama a tukunya? Direbobin tasha su sani, matan layi su sani? Da wane ido zai sake zama a majalisa?

"Haba Baba," in ji shi, "nama ai har ya gundure mu. Duk Juma'a ma gidan abincin Indiyawa nake kai ta, can kusa da wajen aikinmu."

Balaraba ta ɗago ta dube shi, ta mai da kai ƙasa.

"Madalla," in ji Alhaji. "Yau ma ai Juma'a ce. In an sauko daga masallaci sai mu je in gani da idona."

Maganar gaskiya, iyakar sanin Labaran da wurin nan shi ne allon da ke ƙofa, wanda yake hangowa daga cikin A-daidaita-sahu kullum da safe. Amma kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Bayan masallaci suka ɗunguma su uku.

Wuri dai ya yi kyau, ba a magana. Ga sanyi, ga ƙamshin kayan yaji, ga kiɗa yana tashi ƙasa-ƙasa. Mai wurin ya taso da kansa, wani dattijon Ba'indiye ne ana ce masa Mista Rajan, ya daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinsa kamar ɗan Fagge. Labaran ya riƙe hannunsa ya girgiza da ƙarfi.

"Yau ma ga mu, mun dawo!"

Bawan Allah ya yi murmushin mutumin da ba ya son ƙaryata baƙo, ya miƙa masa takardar jerin abinci. Labaran ya duba daga sama har ƙasa, babu sunan da ya taɓa ji tun da uwarsa ta haife shi. Sai ya riƙa nuna masu dogayen sunaye da yatsa, yana cewa a ransa, ai suna mai tsawo haka ba zai rasa nama a ciki ba. Da ya gama ya ja kujerarsa gefe ya ce shi a ƙoshe yake, don ba a cin abinci a gaban suruki, alhali cikinsa sai kiran ciroma yake yi.

Aka kawo faranti babba, an jera ƙananan kwanuka sun zagaye shinkafa da gurasa. Alhaji ya wanke hannu, ya yi bisimilla, ya fara bincike irin na masu sana'a. Kwanon farko, wake. Na biyu, wani waken, ƙanana. Na uku, dankali. Na huɗu, kindirmo. Ya zo kan wata koriyar miya, yatsansa ya ci karo da wani abu fari mai kusurwa huɗu, nan da nan fuskarsa ta washe. Ya kai baki, ya tauna, ya tsaya.

"Balaraba, wannan cuku ne ko awara?"

"Baba, wannan duk share fage ne," in ji Labaran, gumi yana karyo masa duk da sanyin wurin. "Naman yana hanya."

Ya yafito mai wurin, ya rage murya ya ce a hanzarta da naman, na rago in da hali. Mista Rajan ya dafa ƙirji, ya amsa da muryar da kowa ya ji.

"Ranka ya daɗe, ai mu nan ba ma dafa nama. Shekara goma sha biyu, ko ƙwai bai taɓa shiga kicin ɗinmu ba. Ga shi can ma a rubuce a allon ƙofa."

Allon da Labaran ke wucewa kullum! Balaraba ta cusa bakin mayafi a baki, kafaɗunta suna rawa.

Alhaji ya ƙara jawo farantin gabansa. Mutum ne da ba ya wulaƙanta abinci, sai da ya cinye tas, ya suɗe kwanukan da gurasa, yana share gumin barkono da hannun riga. Har ya gaya wa Mista Rajan cewa mai girkin nan tana da hannu, kayan aiki ne kawai ba a ba ta ba. Sannan ya zaro waya ya kira ƙaninsa Ilu a kasuwa.

"Ilu, maganar ranar Asabar. Ba guda ba, cinya biyu za ka sa a mota. Har da mijin."

Labaran ya sauko daga kujera ya durƙusa.

"Don Allah Baba, a rufa mini asiri. Wallahi wannan abincin da ka ci yana gina jiki, ya fi nama ma sa ƙiba."

Alhaji ya mai da waya aljihu, ya dube shi.

"Ni za ka gaya wa, ɗan nan? Wake da ganye ai su nake ba ragona wata uku kafin Sallah. Na ci, na kuma gode. Saura ka faɗa mini ranar yankan."