Yadda Na Halatta wa Baffa Man Shanu

Zamanin da kuɗin fetur ya fara juya kawunan mutane, duk garinmu Shamaki babu wanda ya kai ni sanin magani, alhali ni akawun kamfanin auduga ne. Wani mai kemis a Kano ya gaya mini ƙwayar bitamin E tana hana kitse yin tsatsa a jijiyar tsoho. Shi ke nan karatuna.

Na cika aljihu da ita na nufi Baffana, wanda asibiti ta hana maiƙo.

"Baffa, haɗiyi ɗaya kullum, ka ci abin da ranka ke so."

"Har man shanu, ɗana?"

"Har kitsen tantaƙwashi!"

Inna ta ce a tambayi likita tukuna. Na yi dariya har hulata ta faɗi.

Wata uku Baffa yana iyo a romo, ya ma ajiye maganin hawan jininsa. Wata Juma'a ya faɗi wajen alwala, ɓarinsa na dama bai ƙara motsi ba. Har ya rasu bai zarge ni ba.

Har yau, duk zaman makokin da na shiga, taubashina Sale sai ya matso ya raɗa mini: "Likita, wannan ma kai ka duba shi?"