Bayan Tsamiyar Hanyar Wurogauri

Ba na jin zan taɓa mantawa da hanyar Wurogauri, ko da yake a shekaruna na yanzu bai kamata mutum ya cika baki a kan abin da zai tuna ba. Sunayen jikokina ma sai na bi su ɗaya bayan ɗaya kafin in faɗa kan wanda nake nema. Amma wannan hanya tana nan a idona, da inuwarta, da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasarta, da abin da na aikata a kanta.

Lokacin Turawa ba su daɗe da zama a ƙasarmu ba, mota kuwa sai dai labari. Ni ɗan Gwandu ne. Na gama karatun boko a Sakkwato, aka turo ni Kalgo in riƙa yi wa hakimi rubutu, na sauka gidan ƙanwar mahaifina, Gwaggo Kulu, wadda ke aure a can. A makaranta abu biyu aka san ni da su: ban taɓa makara ba, kuma ban taɓa ba da amsa ba sai na fara da "wataƙila". (Wani malaminmu ya taɓa tsayar da ni ya tambaye ni sunana, ya ce yana so ya ji ko shi ma wataƙila ne.)

A gidan Gwaggo na fara ganin Hajo. 'Yar Fulanin Wurogauri ce, iyayenta sun daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo. Duk ranar kasuwa takan biyo ta ajiye wa Gwaggo nono kafin ta wuce. Tana da wushirya, kuma idan dariya ta zo mata ba ta rufe baki kamar sauran 'yan mata, sai ta ɗaga kai ta sake ta. Idan ta iske ni a zaure sai ta ce, "Malam, yau mi anka rubuta?" Ni kuma in tsaya ina auna amsar da ta dace har ta shige ciki. A haka dai, ban san yadda aka yi ba, muka saba. Ina jin ita ta yi yawancin aikin.

Wata rana a ƙarshen damina ta tsaya a bakin zaure, ƙwarya a ka, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Baffa ya ce in da gaske kake, ka taho ka gaishe shi ran Laraba bayan azahar. Akwai wani ɗan kawuna na Kambaza da ke ta aike, amma Baffa ya ce zaɓi nawa ne." Sai ta ƙara da cewa, "Na ce mashi a jira Malam."

Daga ranar na shiga binciken hanya. Duk wanda na gani sai na tambaye shi: akwai macizai? Akwai rafin da za a tsallaka? An taɓa ganin kura da rana? Gwaggo ta gaji da ni, ta ce, "Kai ɗan nan, hanyar da masu ciki ke bi su je su dawo? Makaho ma ba ya neman ɗan jagora a kanta. Daga nan har can rana ba za ta taɓa ƙeyarka ba. Ka bi inuwa kawai, inda ta ƙare nan ne Wurogauri."

Duk da haka na shirya kamar mai tafiya Gwanja. Na ɗauki gorar ruwa, da sanda, da laima, da goron gaisuwa a naɗe cikin ɗanyen ganye. Na sa takalmina sau-ciki na makaranta, na aro babbar rigar mijin Gwaggo. Wandon da aka haɗa mini da ita ya yi mini yawa, tsoro ya kama ni kada ya zame ina tsugunne gaban Baffa, don haka na ɗaure zariyar, na ƙulla, na sake ƙullawa, na kuma ƙara wani ƙullin don ko-ta-kwana. An ce bayan azahar, ni kuwa hantsi bai gama fitowa ba na kama hanya. Na ce gara in je in zauna a bayan gari in jira lokaci da a ce ɗan boko ya makara.

Gaskiyar Gwaggo ce. Ban taɓa bin hanya mai daɗinta ba, kuma ban sake ba. Ɗorawa da kanya da ɗinya sun haɗa kai a sama, rana sai dai ta leƙo ta tsakanin ganye. Ƙasa laushi, babu tudu babu kwari. A hagu gero ya sunkuyar da kai, a dama wani ɗan rafi yana bin hanyar a hankali, ruwansa bai kai gwiwa ba. Kurciyoyi na kuka, can nesa ana jiyo muryar makiyayi yana kiran shanu. Na rufe laimar da ba ta da aikin yi, na riƙa bitar gaisuwar da zan yi. Har na fara tunanin watarana ni da Hajo za mu riƙa bin hanyar nan zuwa ganin gida, ina gaba tana baya da goyo. Sunan goyon ma na zaɓa.

Na wuce rabi sosai, har na fara hango jinkayen garin, sai na ga mata biyu suna tahowa. Ta gaba gajera ce mai surutu da hannu. Ta bayan kuwa, doguwa mai ɗan ɗingishi, kallo ɗaya na gane ta. Inna Dudu ce, mahaifiyar Hajo. An taɓa nuna mini ita daga nesa a kasuwa.

To, a yadda aka tarbiyyantar da mu a Gwandu, mutum ba ya yin ido biyu da surukarsa a hanya. Ka hango ta, ka ratse, ka cire takalmi, ka tsuguna nesa. Amma ita wannan ba ta zama surukata ba tukuna. In na yi mata gaisuwar surukai, za a ce yaron nan ya ba kansa mata tun ba a ba shi ba. In na gaishe ta kamar kowace tsohuwa, za a ce boko ya cinye masa kunya. Duk shekarun da na yi a Sakkwato babu wanda ya koya mana wannan. Ina cikin aunawa ƙafafuna suka yanke hukunci: na tuɓe takalmi, na faɗa bayan wata ƙatuwar tsamiya da ke bakin hanya, na tsuguna. Na ce su wuce, in fito, babu wanda ya ga wani.

Ba su wuce ba. Daidai gindin tsamiyar Inna Dudu ta ce gwiwarta ta matsa mata, ta zauna a kan saiwa ta juya wa itacen baya. Ƙawar tata, wadda na ji tana kira Ta-Masama, ta zauna kusa da ita, ta kwance bakin zani ta fito da goro da fure.

"Yau ne hwa ɗan bokon ga ke zuwa gidanku," in ji Ta-Masama. "Shi ya sa kika tsere Kalgo?"

"Ɗiyar fari ce. In zauna ya iske ni?"

"An ce da cokali yake cin tuwo."

"Bari zancen ga."

"An ce ko 'ina kwana' aka yi mashi sai ya yi shawara kafin ya amsa. Ke dai faɗa mini, kin yarda da shi?"

"Na ce ki bari zancen ga, Ta-Masama."

Wannan "bari zancen ga" ta sauka mini a ƙirji kamar dutse. Na ce shi ke nan, ba ta ko son jin sunana.

A daidai nan na ji abu ya tsunkule ni a idon sawu. Na duba ƙasa. Ashe a kan gidan cinnaku na tsuguna, kuma masu gidan sun riga sun fito tarbar baƙo. (Wanda bai taɓa haɗuwa da cinnakun fadama ba, ina roƙon Allah ya bar shi cikin rashin saninsa.) Na cije leɓe. Na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Suka haura ƙwauri, suka wuce gwiwa, suka bazu cikin wandon nan mai faɗi kamar an buɗe musu zaure. Hawaye na zuba, ina gaya wa kaina yanzu za su tashi. Ta-Masama kuwa sai lokacin ta ɗauko labarin wata akuya da ta ɓata tun bara.

Ban san tsawon lokacin da na jure ba, ba na kuma so in yi ƙari. Abin da na sani shi ne ɗaya daga cikinsu ya kai inda bai kamata ya kai ba, sai kawai na gan ni a tsakiyar hanya.

Goron gaisuwa ya watse, wasu suka gangara har gaban Inna Dudu. Ina tsalle, ina marin cinyoyina, hannu ɗaya yana kokawa da zariya. Ƙullin da na yi don kare mutuncina ya ƙi kwancewa. Kuma a cikin wannan hali tarbiyyar Gwandu ba ta sake ni ba: na yi ƙoƙarin tsugunawa in gaishe ta, na ce, "Inna, barka da..." sai wani cizon ya miƙar da ni tsaye. Na sake tsugunawa, na sake miƙewa. Ta-Masama ta bi ni da ido sama da ƙasa, tana tauna goronta a natse, ta ce, "Malam, karatun ne ya motsa?"

Inna Dudu ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya, kafaɗunta na rawa. Ni kuwa na faɗa cikin ɗan rafin nan da babbar rigar aro, na zauna a ruwan da bai kai gwiwa ba. Da wutar ta ɗan lafa na tashi, ban waiwaya ba, na nufi Kalgo a guje, babu takalmi, babu laima.

Washegari aka aiko da takalmana a goge, da laimata, da ɗan ƙoƙo na man shanu. Na ce wa Gwaggo ma'anar a fili take: ga kayanka, kada ka dawo. Gwaggo ta ajiye muciya ta dube ni. "Wa ka taɓa gani an kora an bi shi da man shanu? Na shafawa ne, sakarai. Ka shafa, gobe ka koma."

Na ce wataƙila. Na ce bari kumburin ya sauka tukuna. Da ya sauka na ce bari zancen ya kwanta, don har yaran unguwa sun koyi rawata. Ranar kasuwa sai in ƙirƙiro aiki a gidan hakimi har sai na tabbata Hajo ta zo ta tafi. Sau ɗaya na makara wajen gudu, na jiyo muryarta daga soro tana tambayar Gwaggo, "Malam har yanzu bai warke ba?" Na tsaya bayan ƙyaure, hannuna a kan sakata, ina shirya kalmomin da zan fara da su. Kafin in gama shiryawa ta tafi. Bayan kaka na nemi a mayar da ni Gwandu, aka mayar da ni. Can na ji an kai Hajo Kambaza.

Na yi aure, kuma ba na so a fahimce ni ba daidai ba: Allah ya ba ni mace ta gari, mun zauna lafiya har ya karɓi abarsa. Amma shekaru bayan haka, gemuna ya fara furfura, na je wani suna a nan Gwandu, ina fitowa sai wata tsohuwa mai sanda ta tsaya a gabana ta ƙura mini ido.

"Malam na bayan tsamiya," ta ce.

Inna Dudu ce. Na fara laluben takalmina zan tuɓe. Ta ce, "Bar su a ƙafarka. Yanzu babu surukuta tsakaninmu, sai in faɗa maka abin da ke raina. Tun daga nesa na gan ka ka ratse, ga takalmanka ka bari a bakin hanya kamar na mai sallah. Gwiwata lafiyarta lau ran nan. Na zauna na ba ka baya ne don ka sulale ka wuce, kai kuma ka kafe. Ina ta hana waccan mai bakin magana don na san kana ji."

Na ce, "Inna, na ɗauka ba ki so na ne."

"Da na koma gida na ce wa Baffanta, yaron da ya bari cinnaku sunka ci shi don kar ya yi ido biyu da ni, a ba shi. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce ya bayar. Hajo ta share tsakar gida Laraba bayan Laraba." Ta gyara riƙon sandarta. "Mi ya hana ka dawowa?"

Na buɗe baki, na ji "wataƙila" tana tahowa, na haɗiye ta. Na tambaye ta lafiyar Hajo. Ta ce lafiya lau, 'ya'ya har da jikoki, kuma har yanzu in ta yi dariya maƙwabta na ji.

An ce mini yanzu an sare yawancin itatuwan hanyar, an yi gonaki. Ban je na gani ba. Abin da na koya, in har na koyi wani abu, shi ne wanda ya riga ya yi rawa gaban surukarsa babu sauran abin da zai ɓoye wa gidan, gara ya matse rigarsa ya ƙarasa. Ni da na tashi daga rafin nan, Wurogauri ta fi kusa da ni a kan Kalgo. Ina hango jinkayenta, har da hayaƙin girkin da wataƙila nawa ne. Har yau ban taɓa shiga garin ba.